Bindigar da Ba Ta Kan Takarda

Cikin jirgin alkama, a bakin tasha
9 ga Satumba, 2013

Tavale Netani,

Ina gaishe ka da kyau, kai da ƙanwata Salanieta da yaranku. Ina fata Gwaggo Mereoni ta samu sauƙin gwiwarta. Ka ce mata ɗan wanta yana gaisuwa, wanda ya fi ɗan cikinta hankali. Ni lafiyata ƙalau. Mutanena uku, Ilisoni da Sakiusa da Manoa, su ma lafiya, sai dai shinkafa da wake sun ishe su.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Wayoyinmu da fasfo ɗinmu suna cikin aljihun teburin wani jami'in kwastan. Akwai wani tsohon fasto, Anselmo, mai zagaya ma'aikatan jirage. Shi zai ɗauki hoton wannan ya tura maka, ta hannunsa kuma za ka amsa. Sau biyu a wata ake barinsa ya hau.

Ga abin da ya faru tun rabuwarmu a jirgin ajiyar makamai. Mun hau jirgin alkama mun ratsa mashigin Aden. Rana ta huɗu da hantsi 'yan fashi suka taso mana a kwale-kwale biyu, har da tsaninsu mai ƙugiya. Na sa mutanena suka ɗaga bindigogi sama don su gani, na harba biyu cikin ruwa a gabansu, suka juya. Kyaftin ya rungume ni kamar matarsa. Rana ta shida injin ya mutu, aka ja mu zuwa tasha mafi kusa, a ƙasar da ba ta cikin hanyarmu.

Ko gezau ban yi ba. Ka san takarduna. Ni da na bar makaranta a aji huɗu na tafi yankan rake, yau kamfanina na gadin jirage, Saqa, yana da duk takardar da manyan kamfanonin Turawa ke taƙama da ita: izinin ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta, shaidar sayen kowace bindiga, da lambar kowace ɗaya. Da hannuna na buɗe akwatin. Jami'in ya riƙa karanta lamba yana sa alama. Uku suka yi daidai. Da ya zo kan ta huɗu ya karanta, ya goge tabarau ya sake karantawa, ya ce, "Takarda ta ce 4471. Wannan 0938 ce. Ta waye?"

Ka san ta waye, amma bari in tuna maka tunda ƙwaƙwalwar kaza gare ka. Ranar Lahadi bayan addu'a, mu goma sha ɗaya 'yan gida muna zaune a bayan jirgin ajiya, ka zo da ƙullin garin yaqona, saiwar nan da muke jiƙawa mu sha a taro, ka zauna a ƙasa, ka tafa hannu, ka ce, "Tavale, kerekere. Bindigata ta cije. Gobe kyaftin zai gwada, in ba ta tashi ba sallamata za a yi. Ara mini taka kwana tara, mu musanya a jirgin ajiya na ɗaya ɓangaren." Na ce, "Kamfanin banza, bindigar banza, ma'aikacin banza." Kowa ya yi dariya. Amma wa ya taɓa ƙin kerekere, roƙon nan namu na dangi, a gaban mutum tara, daga bakin tavale ɗinsa, ɗan gwaggonsa, mijin ƙanwarsa? Na ba ka tawa, na sa taka a akwatina, na gyara ta cikin awa ɗaya. Mai kula da ma'ajiya bai ko ɗaga kai ba. Ka san wancan jirgin a tsakiyar teku yake, dokar ƙasar kowa ba ta kai shi.

Na ce wa jami'in kuskuren akawu ne. Ban kama sunanka ba, ba kuma zan kama ba. Sati ɗaya, sati biyu, za su gaji su sake mu. Ka ce wa matata Unaisi jirgi ne ya lalace, kada ka ƙara mata ko kalma. Kai ma kada ka yi komai. Ban kafa Saqa da taimakon kowa ba, ba a kan wannan ɗan abin zan fara nema ba.

Taubashinka,
Apakuki


Nausori
27 ga Satumba

Tavale Kuki, Babban Manaja,

Mun ga takardarka, mun gode Allah da lafiyarka. Mu ma muna nan ƙalau. Gwaggonka gwiwa ta yi sauƙi, ta ce in gaya maka mai hankali ba ya barin a ja shi da igiya kamar akuya zuwa ƙasar da ba a gayyace shi ba.

Ka ga rubutunka kuwa? Da Malam Tevita na raye ya ga "ni da na bar makaranta a aji huɗu", da ya ce ba barinta ka yi ba, korarka aka yi a kan kajin hedimasta. Ina nan, na gani.

Na dawo gida tun biyar ga wata. Kamfaninmu ya sallame mu duka, kada ka ce ka faɗa. Amma Allah ya yi mini gyara: na samu aikin gadin ƙofa a tashar jirage ta Suva. 'Yan sanda sun bincika ni tas suka sa hannu. Ina da yunifom mai shuɗi da hula, bas ke kai ni, bas ke dawo da ni, ba amai, ba igiyar ruwa. Ka zo ka gani, sai ka sara mini.

Labari mai daɗi: Sala tana da ciki, na huɗu, watan Fabrairu ake sa rai. Sai dai jininta yana hawa. Nas ta ce kada a tayar mata da hankali ko da faɗuwar cokali ne, saboda haka ita ma maganar inji na gaya mata.

Unaisi ce matsala. Ranar Asabar ta tare ni a kasuwa wajen masu gwaza, ta ce, "Netani, wane irin inji ne wannan da ya fi sati uku? A wace ƙasa ake ƙera shi?" Na ce a Jamus. Ta ce, "Kai da taubashinka bakinku ɗaya, ƙarya ma ba ku iya ba." Ta ɗora mini buhun gwaza na kai mata har bas. Aladen maƙwabcinku ya sake shiga gonarta ya cinye rabin rogo. Ƙungiyarmu ta ci ƙungiyarka ta Rewa a wasan ragbi, da kana nan da ka sha kunya.

Ka ce kada in yi komai. To, na bi umarni, karo na farko tun muna yara. Na san ka, ba kwastan da zai iya da bakinka. Wataƙila ma kafin wannan ta iso ka kana hanya. Maganar wancan abin kuwa, sai ka dawo mu zauna.

Naka,
Netani


Gidan yari
22 ga Oktoba

Netani,

Gaisuwa. Na yi murna da cikin Sala, Allah ya sauke ta lafiya. Ka duba inda na rubuto daga.

Ran goma ga wata aka sauko da mu daga jirgi da ankwa, mu huɗu, a gaban ma'aikatan da muka tsare wa rai. Jirgin ya gyaru ya tafi da alkamarsa. Ɗaki ɗaya muke da mutum talatin. Manoa yana zawo kwana biyar ke nan.

Maganar akawu ta mutu. Sun bi lambar bindigarka, suka gano tana cikin waɗanda suka ɓace daga ma'ajiyar sojan wata ƙasa shekara biyu da suka wuce, kuma an kama wasu daga cikinsu a hannun 'yan fashin teku. Abin da kamfaninka ya ɗora maka a kafaɗa ke nan. Yanzu mai gabatar da ƙara yana cewa na sayar wa 'yan fashi bindigata mai takarda, na karɓi tasu. Ni! Tafiya arba'in da ɗaya na yi a wannan ruwa, ba jirgin da aka taka a hannuna, ban kuma taɓa harbin masunci ba kamar yadda wasu ke yi su rubuta ɗan fashi.

Ina cikin wannan aka kawo mini takardarka. Na karanta ta sau uku ina neman layi ɗaya. Na samu alade, na samu ragbi, na samu hular gadi. Ina 4471? "Sai ka dawo mu zauna." A ina za mu zauna, Netani? A nan ko wurin miƙe ƙafa babu.

Na ce kada ka yi komai, gaskiya ne. Amma mutum mai kunya, in an ce masa haka, sai ya tambaya sau biyu. Ko baƙo aka ba abinci ya ce ya ƙoshi, a gidanmu sai an sake tura masa kwanon.

Ga abin da za ka yi, ba wuya. Lauyan da aka ba mu ya ce in aka ga 4471 a wuri mai hatimi, maganar sayarwa ta faɗi, saura tara da gargaɗi. Na san a jirgin ajiya ka bar ta, inda muka ce za mu haɗu. Ka kira mai ma'ajiyar ya ɗauki hoton lambar, ya buga hatimi, ya tura wa Fasto Anselmo. Sunanka ba zai fito ba. Ka yi shi wannan satin.

Apakuki


Gidan yari
19 ga Nuwamba

Netani,

Ina fata kuna lafiya. Fasto ya zo sau biyu hannu wofi. Jiya bai iya duban idona ba, sai ya ba ni sabulu.

In rashin lafiya ce, sa wani ya rubuta. In Sala ce, gaya mini. In kuwa hular gadi ce ta toshe maka kunne, shi ma gaya mini in sani.

An sa ranar shari'a, ashirin ga Janairu.

A.


Nausori
1 ga Disamba

Tavale,

Muna lafiya. Sala tana nan, ƙafafu sun kumbura amma tana cin abinci. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Sau biyar ina farawa ina yagawa.

Bindigarka ba ta jirgin ajiya. Tana ƙasan teku.

Ba mu je jirgin ajiyar ba sam. Kamfaninmu ba ya biyan kuɗin ajiya a wancan ɓangaren, ban sani ba sai a ranar. Da muka kusa shiga ruwan ƙasar da za a sauke kaya, shugaban tawagarmu ya kira mu bayan jirgi da rana tsaka, ya ce, "Ba mu da izinin shiga da makami. Komai a ruwa, har harsashi." Sauran biyun, Peniasi da Josateki, suka jefa nasu kamar ɓawon kwakwa, sun saba. Na riƙe taka na ce, "Wannan ba tamu ba ce, ta taubashina ce, tana da takarda." Ya ce, "Takardar tana hannunka?" Na ce a'a. Ya ce, "To zaɓi, ko ita ta shiga ruwa, ko mu duka mu shiga kurkuku saboda taubashinka." Kuki, har yanzu ina jin nauyinta a hannuna. Ka shafa mata mai, tana ƙamshi. Ko ƙara ba ta yi ba da ta faɗa.

Na yi niyyar gaya maka baki da baki, da yaqona a gabana, yadda ya kamata. Da takardarka ta farko ta zo ka ce kada in yi komai, wallahi daɗi na ji. Na san ba haka kake nufi ba. Na san ka tun kana tsirara. Amma na kama maganar na riƙe.

Na nemi kamfanin. Ofishinsu a rufe, wayarsu a kashe. An ce sun buɗe da wani suna, suna ɗaukar sababbin mutane. Na je wurin wani lauya a Suva ban faɗi sunana ba. Ya ce takardar rantsuwa daga nesa ba za ta yi ba, sai mai shaida ya tsaya gaban alƙali da kansa. Na ce in ya tsaya fa? Ya ce, "Mutumin da ya ce shi ya kawo bindigar sata, ya kuma jefa wata a ruwa? Ya shiga da ƙafarsa, amma ban ce zai fito da ita ba."

Ga gaskiyata. Ina jin tsoro. Ba zan iya tashi haka kawai in dubi Sala da cikinta in ce na tafi ba. Amma in ka roƙe ni, shi ke nan, ba ni da ta cewa, ita ma ba ta da, Gwaggonka ma ba ta da. Ka daina ba ni umarni kamar ina cikin ma'aikatanka. Kalma ɗaya ce, ka san ta. Ka rubuta ta, ko a gefen takarda ne, zan zo.

Netani


Gidan yari
19 ga Disamba

Netani,

Na samu takardarka. Ina gaida kowa, barka da Kirsimeti tun yanzu. Manoa ya warke. Ni na rame, wandon da na zo da shi sai da igiya.

Ranar da na karanta, da kana kusa da sai an raba mu. Ita ce bindigar farko da na saya da sunan Saqa. Na bar wannan.

Na yi kuskure na karanta wa mutanena. Ilisoni, wanda tun muna soja bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya miƙe a kaina ya ce, "Saje, kalma ɗaya ya ce. Ga biro." Na ce ya zauna. Ya ce, "Ba zan zauna ba. Ina da 'ya'ya biyar. Ni na ara masa bindiga? Girman kanka zai ciyar da su?" Sakiusa ya ja shi. Kwana uku bai yi mini magana ba, kuma a ɗakin da kafaɗarsa ke gogar tawa.

Yana da gaskiya a kan 'ya'yansa, shi ya sa na gyara. Lauya ya yi magana da mai gabatar da ƙara. In na amsa cewa 0938 tawa ce, ni kaɗai na sa ta a akwati, mutanena ba su sani ba, za a saki su ukun a ranar. Ni shekara bakwai. Na ce na yarda. Ran ashirin zan faɗa da bakina.

Kalmar da kake nema ba za ka same ta ba. Ka ce girman kai ne, kowa ya ce. Ina da shi, ban saya a kasuwa ba. Tun ranar da na zauna a ƙofar kawunmu ina neman kuɗin jarrabawa ya sa na jira har rana ta faɗi, na rantse ba zan sake zama a ƙasa gaban mutum ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ka yi tunani da ƙwaƙwalwar kazar nan taka. Na san abin da kalmar ke yi wa mutum, ai ita ta kawo ni nan. Ka faɗe ta, na san sarai doka ta hana, na san kowace lamba a takarda take, amma hannuna ya miƙa da kansa. Yanzu kana so in ɗaure ka da igiyar da ka ɗaure ni, in janye ka daga gefen ƙanwata tana wata takwas, don in ta yi kuka a ce wanta ne ya roƙa? Kana so in ɗauke maka nauyin zaɓi ma? A'a. Na ara maka bindiga, ba zan ara maka wannan ba.

Ka zauna a ƙofarka da hularka. Ka gaya wa Unaisi gaskiya yanzu, a hankali, kana zaune. Takardun kamfani suna cikin jakar fata a saman kabad, ta ba Ilisoni in ya dawo. Ka gyara mata shingen gona.

Kada ka sake rubuto mini a kan wannan. Na gama.

Apakuki


Nausori
6 ga Janairu, 2014

Tavale Kuki,

Barka da sabuwar shekara. Kowa lafiya. Ka ce kada in sake rubutu. Na gaji da bin umarninka, bai karɓe ni ba.

Na gaya wa Unaisi. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Jamus, ko?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari sai ga ta a gidanmu ta zauna da Sala, kafin in dawo daga aiki komai ya fito. Na tarar da takardunka duka a kan tabarma, Sala ta karanta. Na fara maganar nas da hawan jini, ta ce, "Rufe mini baki. Jinin nawa ne." Ta ce, "Ka san wana. Ko gidansa na ci da wuta, sai ya ce ɗumi yake ji. Shi ba zai roƙa ba, kai ba za ka tafi ba sai an roƙe ka. Maza biyu, ƙato da ƙato, kun zauna kuna jiran juna." Na ce to me zan yi? Ta ce, "Kai da ka iya roƙo? Abin da ka fi kowa iyawa a duniya? Je ka roƙa."

Ranar Lahadi bayan coci muka taru a gidan Gwaggonka, da dattawan dangi da fastonmu. Unaisi ta zauna a madadinka. Sala ta buɗe akwatin tabarmi ta ciro tabua, haƙorin nan na babban kifi da babanku ya ba ta ranar aurenmu. Na zauna a ƙasa, na riƙe shi da igiyarsa, na tafa hannu, na faɗi abin da zan rubuta maka yanzu, mutum goma sha huɗu suna ji.

Tavale, kerekere. Bindigar nan 0938 tawa ce. Ajiya na ba ka ta kwana tara, ta wuce wata huɗu. Ina roƙon ka mayar mini da abata, da duk abin da ke kanta. Kada ka tsaya gaban alƙali ka kira kayan wani naka.

Unaisi ta karɓi tabua da sunanka, dattawa suka tafa. An karɓa, Manaja. Ka san ba a mayarwa. Kai ka rubuta da hannunka cewa ba wanda ya taɓa ƙi, ina da takardar.

Na ajiye hular. Dangi da 'yan coci sun haɗa mini tikiti. Zan sauka ran sha bakwai, Fasto Anselmo zai tare ni ya kai ni wurin lauyanka. Har yanzu ina jin tsoro. Kada ka ce komai a kotu kafin in shigo. In ka ga wani mai gumi cikin rigar coci, ni ne.

Na gyara shingen. Aladen ya sake shiga.

Netani


Nausori
11 ga Maris

Tavale Netani,

Ina gaishe ka, ina fata Fasto ya kawo maka sabulun da bargon. Wurin da ke kusa da taga ya fi iska, na gaya wa dattijon ɗakin ya ba ka. Kada ka sha ruwan famfon sai ya kwana. Mu nan kowa lafiya.

Sala ta sauka ran sha tara ga Fabrairu, namiji, lafiyayye, da kunnuwanka, Allah sarki. Ita ma jinin ya sauka. Gwaggo tana wurinta. Ba a sa masa suna ba, Sala ta ce sai ubansa ya zo ya ga fuskarsa. Yanzu "Baƙo" ake ce masa.

Ba mu samu yin magana a kotu ba, saboda haka bari in faɗa a nan. Da alƙali ya tambaye ni, "Bindigar nan taka ce?" na buɗe baki da niyyar in ce tawa ce, ko da kana zaune. Sai na gan ka a rigar cocin nan da ta yi maka kaɗan, gumi har gwiwa, kana girgiza mini kai. Na ce, "Ba tawa ba ce, ta mai ita ce." Ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba. Da suka sa maka ankwar da suka cire mini, ka ce, "A hankali, ta Manaja ce, kada ku lalata." Ilisoni ya yi kuka a mota har filin jirgi.

An dakatar da lasisin Saqa shekara biyu. Daidai ne, na karya doka da hannuna, na kuma gaya wa masu ba da lasisin haka a rubuce, har da yadda ake musanyar makamai a jiragen ajiya ba mai dubawa, da masu zubarwa a ruwa su canja suna su dawo. Ko za su yi wani abu, oho.

Ga maganar da ta fi. Shari'arka ran tara ga Afrilu. Lauya ya ce in aka samu waɗanda za su rantse cewa kamfani ne ya ba ka 0938, shi ne kuma ya sa aka zubar da makamai, laifin zai koma kan masu shi, kai wataƙila watannin da ka yi su isa. A wannan karon ya ce rantsuwa daga nan za ta yi, tunda kai kana hannunsu. Mutum biyu ne suka gani, Peniasi da Josateki. Dukansu sun ƙi ɗaukar wayata, suna tsoron kada a daina ɗaukarsu aiki.

Sai na shiga jirgin tsibirin Kadavu na je ƙauyen Peniasi da ɗaurin saiwar yaqona. Na tarar da shi da babansa da rabin ƙauyen a zaune. Peniasin nan, yaron da na koya wa ɗaure takalmin soja. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Na tafa hannu. Tavale, kalmar ta maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi, har tsohon ya ce, "A ba Saje ruwa." Na sha, na faɗe ta. Ba abin da ya faru. Rufin bai faɗo ba. Peniasi ya sunkuyar da kai, babansa ya karɓa, washegari muka je garin Vunisea ya sa hannu a takardar rantsuwa.

Josateki yana garin Labasa. Jibi zan tafi. Unaisi ta ce na fara iyawa, in na dawo in gwada a kan mai aladen.

Saura ɗaya. Fasto ya ce ba ka cin abinci, kana ba mutane rabonka kana zama a lungu. Ka nemi kalmar nan a wurina na hana ka, na ce ba za ka same ta ba. Ga ta, ba a gefen takarda ba, a tsakiya. Ina zaune a ƙasa nake rubuta wannan, Unaisi shaida ce.

Kerekere, tavale. Ka ci shinkafar nan da waken, duk munin su. Ka riƙe kanka har tara ga Afrilu. Ka dawo ka sa wa yaron nan suna, kafin Gwaggo ta gaji ta sa masa nawa.

Ka san ba a ƙi.

Taubashinka,
Apakuki